Yelwa 'Yar Lambu da Akusa Huɗu

Har yau akwai tsofaffi a unguwar mahauta ta Wudil da in ka ambaci Yelwa 'yar lambu sai sun gyara zama. Wani ya ce ai ita ce mai gurasar dabino, wani ya ce mai kwaɗon gashi. Duk gaskiya suka faɗa, amma ba nan zancen yake ba. Zancen shi ne yadda mace ɗaya ta juya tukwanen gidaje huɗu don ta riƙe ran mijinta. Ni dai ina alfahari da ita, kuma ba zan ɓoye ba.

A Darki aka haife ta. Mahaifinta mai lambu ne a bakin fadama, irin waɗanda rani ya fi damina yi musu aiki. In sun fita ban-ruwa da sassafe, shi yana jan jigo, 'ya'yan suna buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali, ba mai komawa gida cin rana. Ba tukunya, ba mai, ba ludayi. Rami suke tonawa, su ƙona kara a ciki, in wuta ta faɗi ya zama rushi sai su binne dankali da albasa da gauta da ɓarin kabewa. Idan sun nuna a tono, a ɓare, a yayyanka a ƙwarya, a watsa gishiri da barkono da garin ƙuli-ƙuli, a matse lemon tsami. Tun Yelwa ba ta kai tsawon turmi biyu ba ta san albasa ta yi idan ta fara tsiyayar ruwa ta kai, ta san kabewa ba ta son wuta mai harshe, ta san gauta ita ake fara cirewa don ba ta da haƙuri.

Maikano mahauci ne, ɗan mahauta, jikan mahauta. Albasar tsire ya je saye a lambun, ya ga yarinya tana ɓare dankali mai zafi da hannu ko ƙifta ido ba ta yi, ya dawo sayen albasa sau bakwai a wata ɗaya har mahaifinta ya ce masa, “Samari, ko dai tsiren albasa kake yi?” Aka yi aure, kowa na so, aka kawo ta Wudil.

To, gidan mahauta ba a gaya maka. A wancan zamanin gyaɗa ta cika ƙasa, man gyaɗa kamar ruwan kogi, ga kitse ana shigowa da shi daga Kara, kasuwar shanu, kowace Juma'a, ga man shanu Fulani na kawowa har ƙofar gida. A unguwar nan darajar mace a saman miyarta ake gani. Idan mai bai tsaya a kai ba har mutum ya hango fuskarsa, to ba girki aka yi ba. Sarauniyar wannan fage kuwa Uwa ce, matar Dattijo, babban mahautan unguwar. Ranar da Uwa ta soya man shanu, ko wanda ke wanki a bakin kogi ya san ita ce.

Satin Yelwa na biyu a gidan ta yi abin da ta iya. Ta gasa kayanta a rushi, ta kwaɗa da kyau, ta zuba a sabuwar ƙwarya ta kai wa Uwa da kanta don neman albarka. Uwa ta ɗaga faifai, ta leƙa, ta mayar ta rufe.

“Yarinya,” ta ce, “nan gidan mahauta ne. Ganye na akuya ne. Mu akuyar muke ci.”

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Daga ranar sunan 'yar lambu ya manne mata. Ta koma gida da ƙwaryarta ba a taɓa ba, ta yi kuka ta share, ta rantse a ranta ba wanda zai sake yi mata dariya a kan girki. Ta kuwa cika. Ta koyi miyar mahauta har ta wuce kowa in ban da Uwa. Wata gwaggon Maikano da ta yi zaman birni ta koya mata gurasa, ta sa aka kafa mata tanderu a bayan ɗaki. Rushi kuwa ta bar shi, sai in kwaɗayi ya taso mata ta binne dankali ɗaya ta ci a tsaye, ba wanda ya gani. Haka aka yi shekara ashirin da biyu, aka haifi 'ya'ya, aka aurar da su, gida ya rage daga ita sai maigida.

A bazarar 1955 ciwo ya kama Maikano. Da fari ƙullewa ce a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, in ya ci abinci sai ya dafe wurin ya yi shiru. Daga nan idanunsa suka juya suka zama rawaya, tafin hannunsa ma haka. Kowa ya ce shawara ce. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka sha saiwoyi, ta lafa, ta dawo. Ran nan ya dawo daga Kara ya zube a zaure yana amai, sai da aka kira Malam Isyaku na ɗakin shan magani. Ya zo a kan kekensa, ya daɗe yana danna cikin, ya ɗaga fatar ido ya duba. Da ya gama ya ce a kira masa matar gida. Yelwa ta tsaya a bayan ƙofa.

“Uwargida, zan ba shi magani,” ya ce, “amma babban maganin yana hannunki. Cikin nan ba ya iya ɗaukar mai. Ba kitse, ba man shanu, ba suya kowace iri, sai yadda hali ya yi. Na ga mutum biyu da irin wannan. Wanda ya ji magana yana nan yana noma. Ɗayan mun kai shi makwancinsa. Idan aka ci gaba da ba shi mai, ina tsoron kada wani tashin ya zama na ƙarshe.”

Maikano yana kwance yana ji. Da Malam Isyaku ya tafi, ya kira ta ya ce, “Wannan magana ta mutu a nan. Mahaucin da aka ce ba ya cin kitse, wa zai sayi namansa? Su Haladu abokan sana'ata su ji, har in mutu ina shan tsiya. Kada ki gaya wa kowa.”

“To, maigida,” ta ce.

Kwana uku ta yi tana ba shi tuwo da miyar kuka fara, ba ko ɗigon mai. Ya yi loma biyu ya ture. Mutumin da ya saba da romo yana bin gwiwar hannunsa! A rana ta huɗu ta tsaya a tsakar gida tana kallon tanderu yana hucewa bayan ta kwashe gurasa, ga rushi jajawur a ƙasa yana tafiya a banza. Ta ce, “Kai, Yelwa, kin yi wauta.” Ta shiga ɗaki ta kwaso albasa.

Abin da ta yi a makonnin nan ya isa a faɗa. Kabewa ta yanka manya-manya ta jera a gindin tanderu har gefenta ya yi baƙi-baƙi, cikin ya yi zaƙi. Albasa da bawonta ta binne, ta fito laushi kamar ɓargo. Dankali, gauta, tumatir, kowanne da lokacin shigarsa da na fitarsa. Zogale ta turara sama-sama don kada ya mutu. Ƙuli-ƙuli soyayye ne, ba dama, sai ta sayi tunkuza wurin masu matsar mai, ta sake matse ta da ruwan zafi har ta bar ɗiga, ta baje ta a marfin tukunya ta gasa har ta bushe ƙayau, ta daka da citta da barkono da ɗan daddawa. Lemon tsami a ƙarshe. Idan ta juya ƙwaryar nan ƙamshin hayaƙi da yaji ya tashi, ita kanta sai ta haɗiyi yawu. Jan nama kuma ta fere shi tas, ta gasa a kan waya, ta yayyanka ƙanana a ciki, don kada mahauci ya ce an raina shi.

Sai maganar zaƙi. Maikano da alkaki da funkaso sai Allah, kuma duk a mai ake tsamo su. Ta ɓata kwaɓi ya fi a ƙirga kafin ta dace. Ta dama gasasshen dankali a cikin kwaɓin alkama, ta yanka dabino ƙanana ta zuba, ta barbaɗa riɗi a kai, ta manna a bangon tanderu. Na farko ya zame ya faɗa wuta don ruwa ya yi yawa. Na biyu ya fito da tauri, ko jaki sai ya yi tunani. Na wajen shida ne ya fito ja, mai laushi, yana tsagewa da kansa. Ta miƙa masa da zafinsa. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya dube ta.

“A ina kika ɓoye wannan shekara ashirin?”

“A inda kuka ce in ɓoye,” ta ce.

Karin kumallo da cin rana a gida yake yi, a gaban idonta. Amma abincin dare, wanda shi ne babba, ba a gida ake ci ba. Akwai durumi a jikin katangar gidansu ta waje, da dakali a gindinsa. A nan magidanta huɗu suke ciyayya bayan sallar magariba tun kafin a kawo Yelwa: Dattijo, da Maikano, da Haladu, da Ya'u. Kowa ya fito da akushin gidansa a hannu, a jera, a fara buɗe na babba. Da Maikano ya samu ƙarfin fita sai ya koma ciyayya, Yelwa ta riƙa cika masa akushi da kwaɗon gashi, ta ɗora gurasar dabino a kan faifai.

Daren farko ta zauna tana jiran akushi ya dawo a cike kamar ƙwaryar Uwa. Ya dawo fes, kamar an wanke. Washegari haka. Jibi haka. Wayyo, Yelwa ta ji daɗi! Ta ƙara girman akushi. Tana tafiya a tsakar gida tana waƙa ƙasa-ƙasa. A ranta ta ce, ga shi maigida yana cin abincin lafiya har yana suɗe hannu, ga shi kuma abincin da aka yi wa dariya ya shiga gindin durumi ya fito da mutunci.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa. Mutumin ba ya warkewa. Maganin Malam Isyaku ya ƙare, an karɓo wani, ido na nan rawaya. Da asuba ta kan same shi zaune ya dafe haƙarƙari, gumi na karyo masa. Wando ya fara zame masa. Ta bincike kayan girkinta ɗaya bayan ɗaya. Ta daina sa nama. Ta rage tunkuza. Ta canza tukunya, ko tsohon mai ya kama jikinta. Ta tambaye shi, ya ce jiki da sauƙi. Sati biyar ana haka.

A gidan suna asirin ya fito, kuma da yabo ya fito. Barakatu, matar Haladu, ta matso kusa da ita tana dariya.

“Ke Yaya Yelwa, me kike zuba wa mazanmu? Haladu ya ce in an buɗe akushinki har rige-rige suke yi shi da Ya'u. Dattijo ma da haƙoransa huɗu ba a bar shi a baya ba. Ya ce in zo in roƙe ki sirrin.”

Yelwa ta yi murmushi, kanta ya ƙara girma. “Ai ba wani sirri.”

“Amma mijinki, Allah ya yi masa albarka, shi ke fitar da ni kunya. Shi ke cinye nawa. Ya ce wai miyata ta ji mai. Na Uwa kuwa har romon yake ɗagawa ya shanye.”

Murmushin Yelwa ya ɗauke. “Shi ba ya cin nawa?”

Barakatu ta dube ta da mamaki. “Ya ci nasa? A gindin durumi? Haba Yaya, shekara nawa kina unguwar nan? Ai mutum loma ɗaya yake yi a akushin gidansa, ta bisimilla, ya tura wa 'yan'uwa. Wanda ya zauna ya cinye nasa ai marowaci ne, ko kuma yana ƙyamar na mutane. Haka suka gada.”

Shekara ashirin da biyu tana cika akushi tana karɓar akushi, ba ta taɓa sanin hannun wa ke shiga ciki ba. Ina za ta sani? Mace ba ta zama a wurin, mutuniyar kirki kuma ba ta laɓe. A lambun ubanta kowa ƙwaryar gabansa yake ci. Ashe sati biyar tana gyara lafiyar ƙarti uku, nata mijin yana shan man gidaje uku. Mafi ciwo, daɗin girkinta ne ya sa ko ɓurɓushi ba ya saura balle ya samu. Ba ta tsaya cin tuwon suna ba, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Ta samu Maikano kwance a inuwa. Ba ta yi kwana-kwana ba.

“Maigida, kana cin abincina a waje?”

Ya kau da kai.

“Man Barakatu kake sha da na Uwa, ni ina nan ina ƙona yatsuna a rushi?”

“To ya kike so in yi?” ya ce. “Dattijo ya turo mini akushinsa in ce ba na ci? Mutumin da ya koya mini riƙon wuƙa?”

“Ka riƙa ci a ciki.”

“In bar gindin durumi? Wanda ya bar wurin nan ko dai faɗa aka yi, ko an ɗauke shi a makara. Washegari duk Kara za a ce Maikano ya gama yawo.”

“To ka gaya musu gaskiya.”

“Na ce miki a'a. Kuma ban canza ba.”

Ta dube shi. Wuyansa ya zama siriri, hular ta yi masa yawa. Tausayi da haushi suka haɗu suka kama ta. Mutum zai mutu don kunya, yana ji yana gani! Ta juya ta shiga ɗaki. Tana zaune a bakin gado ta lissafa abin da ke gabanta. Ba za ta iya fitar da shi daga gindin durumi ba. Ba za ta iya sa shi cin nasa ba. Abin da zai ci na gidaje uku ne. To sai gidajen ukun su dafa abin da zai iya ci.

Barakatu ba ta ba da wahala ba, ai da ma ita ta roƙa. Murja, matar Ya'u, ta biyo ta don kada a bar ta a baya. Kwana huɗu suna zuwa da hantsi, Yelwa tana nuna musu komai, ba ta rage ko ƙwaya ba, har gurasar dabinon da ta sha wahala kafin ta gano. Ba ƙaramin abu ba ne mace ta miƙa abin da ya sa ake ambaton sunanta, ta ji zafinsa kuwa, amma ta miƙa. Barakatu ta so ta ɗan zuba man gyaɗa a kai “don ya yi sheƙi”, Yelwa ta riƙe mata hannu ta ce mai yana kashe ƙamshin gashi. Murja ba ta da tanderu, Yelwa ta tona mata rami a bayan madafi irin na Darki. Suka yi shawara ranar Laraba za su ba mazan mamaki, kowacce ta fitar da nata. Ba ta gaya musu dalili ba, su ma ba su tambaya ba.

Saura Uwa. Kuma nata ne ake fara buɗewa, lokacin da ciki ke wayam, shi ne mafi girma, shi ne mafi mai. In ba a samu Uwa ba, an yi aikin banza.

Ranar Laraba da hantsi Yelwa ta shiga gidan Dattijo. Tun ranar ƙwaryar nan ba ta taɓa shiga ba sai da dalilin biki ko rasuwa. Ta tarar da Uwa a kan kujera 'yar tsugune tana yanka kitse a faifai, tsufa ya kama ta amma idon na nan da kaifi. Aka gaisa, aka tambayi gida da jiki da zafi. Yelwa ta fara da dabara, ta ce su Barakatu sun koyi kwaɗon gashi, ko Yaya ma za ta so a nuna mata.

Uwa ko ɗago kai ba ta yi ba. “Ni za ki koya wa girki? Ina dafa wa mahauta tun ba a yaye ki ba. Yara su yi wasansu da toka. Akushina ba zai fita ba mai ba, sai dai bayan raina.”

Yelwa ta ga dabara ta ƙare. Ta tuna kashedin maigida, ta san abin da zai iya biyo baya in ta karya shi. Ta sauka daga tabarma ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, gaban matar da ta sa aka yi mata dariya. Ta faɗi komai: abin da Malam Isyaku ya ce, da mutum biyun da ya ambata, da dafe haƙarƙari da asuba, da hanin da aka yi mata.

“Yaya, ba girki na zo koya miki ba. Kin fi ni, kowa ya sani. Amma romon nan naki da yake ɗagawa ya shanye don girmama ki, shi ke kashe shi. Ni kuma ba ni da wani sai shi.”

Wuƙar Uwa ta tsaya. Sannan ta ce, “Tashi, kina ɓata zaninki. Na ji.”

“In dawo in nuna miki yadda—”

“Na ce na ji. Ki gaida gida.”

Yelwa ta fito ba ta san ko ta gyara ko ta ɓata ba. Ta tona asirin miji, ta zubar da girmanta, kuma ba ta samu ko “to” ba. Yinin nan hannunta na aiki, hankalinta na gidan Dattijo. Da la'asar ta shaƙi iska ko za ta ji ƙamshin man shanu. Hayaƙi kawai ta ji.

Aka idar da magariba, Maikano ya ɗauki akushi ya fita. Yelwa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, Allah ya yafe mata. Ta ɗauki turmi ta kife a jikin katanga daidai durumi, ta zauna ta manna kunne.

Ta ji an jera akusa. Ta ji bisimillar Dattijo, da ƙarar ɗaga faifai. Sai ƙauri ya tsallako katanga ya same ta.

“Subhanallahi,” muryar Haladu ce. “Baba, gobara aka yi a gidanka?”

“Kabewa ce,” in ji Dattijo. “Waccan baƙar kuma da albasa ce. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ganin Uwa ta ƙona abinci ba. Yau tun azahar take faɗa da rami da toka, ta ƙona yatsa uku, ta kore ni sau biyu. Ku buɗe sauran.”

Aka buɗe na Haladu, aka buɗe na Ya'u. Ya'u ya ce, “Ikon Allah! Matan nan sun haɗa baki. Ko ɗigon mai babu.”

“Babu,” Dattijo ya ce, “kuma ba za a ƙara gani ba a gindin bishiyar nan sai Maikano ya warke. Maikano, dube ni. Ni na riƙe hannunka ranar da ka fara yanka. Ka zauna a gabana sati biyar ina tura maka abin da zai kashe ka da hannuna, kana karɓa kana godiya? Da ka mutu, da wane ido zan kalli matarka? Ka cuce ni, yaro.”

Yelwa ta danne bakinta da gefen zani.

“Matso,” Dattijo ya ce. “Da nawa za a fara, kamar kullum. Kuma wanda ya bar ko gawayi ɗaya a akushin Uwa, shi zai kai mata da kansa.”

Ta ji Haladu yana tauna yana tari, Ya'u yana neman ruwa. Ta ji ƙarar yatsu suna kankare gindin akushi. A cikin haka ta ji wani yana jan hanci a hankali, ta san hancin waye.

Da ya shigo tana madafi tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Ya ajiye akushi, ya tsaya a kanta.

“Kin tona mini asiri.”

“Na tona,” ta ce. “In za ka yi fushi ka yi, amma ka yi shi da ranka.”

Sannan ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya shafa kai. “Gobe,” ya ce, “don girman Allah, ki je ki nuna wa Uwa lokacin da ake cire kabewa daga wuta. In ba haka ba mu huɗun za ta kashe.”

Ba ta kai ga zuwa ba. Gari na wayewa aka yi sallama, sai ga Uwa da kabewa a ka, yatsu uku ɗaure da tsumma. Ta sauke ta a bakin tanderu, ta jawo kujera ta zauna.

“Ba koyo na zo ba,” ta ce. “Kallo na zo.”

Ta yi sati biyu tana zuwa kallo. Kafin wata ya cika kwaɗonta ya kai na kowa, ta ma ƙara masa gasasshiyar tafarnuwa, kuma ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da ma can ta iya.

Wata huɗu gidaje huɗu na mahauta suna fitar da akushi ba mai. Mahautan Kara suka ji, suka yi tsiyarsu kwana biyu, Dattijo ya yi musu kallo ɗaya suka bari. Haladu ya yi ta ƙorafi tumbinsa ya gudu ya bar shi, amma shi ke fara miƙa hannu. Ciwon asuba ya riƙa ja da baya, daga kullum zuwa jefi-jefi, har aka wayi gari an yi kwana ashirin Maikano bai dafe haƙarƙari ba.

Ranar da ya tafi ɗakin shan magani da ƙafarsa, Yelwa na bakin tanderu, ta manna gurasa goma sha biyu ke nan. Ya dawo bai yi sallama ba don sauri. Ya tsaya a tsakar gida yana haki.

“Malam Isyaku ya ce ido ya washe, ciki ya sauka. Ya ce in ci gaba da cin abin da nake ci. Ya ce ranar Juma'a in koma Kara.”

Yelwa ta yi hamdala. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta kife kai a gwiwa ta yi ta kuka, irin wanda ta riƙe tun bazara. Maikano ya tsuguna a gefenta yana cewa ya isa, ya isa. Ba wanda ya tuna da tanderu. Gurasa goma sha biyun nan duk suka ƙone, kuma a iya sanin mutanen unguwar, ranar ce kaɗai Yelwa ta taɓa ƙona gurasa.